Sana'ar Sa Faifai: Wuyar Da Sabon Shiga Ke Sha

Duk wanda ya halarci biki ko suna a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Badun a 'yan shekarun nan, ba zai rasa ganin wani yaro a gefen rumfa ba, ya kafa tebur, ya rufe kunnuwa da abin sauraro, manyan lasifikoki biyu sun sa shi tsakiya. Shi ne ake kira DJ, watau mai sa faifai, ko da yake yanzu faifan ya zama labari, kwamfuta da 'yar filashi sun gaje shi.

Samari da yawa cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi in sun gan shi sai su ce ai babu sana'ar da ta kai wannan daɗi. Kana cikin inuwa, ka danna nan ka danna can, a kawo maka shinkafa da nama, da dare a ƙirgo kuɗi a miƙa maka. Tun da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana acaba a manyan unguwanni cikin 2020, ta kuma tsananta hanin cikin 2022, masu neman inda za su juya ɗan jarinsu sun ƙaru. To, kafin mutum ya sayar da babur ya nufi kasuwar Alaba, ya kamata ya ji yadda manyan sana'ar suka fara, da abin da suka tarar.

SHI MA BAƘO NE

Mutumin da aka fi jingina wa irin wannan sa faifai na zamani shi ne Clive Campbell, wanda aka sani da Kool Herc. An haife shi a Kingston ta ƙasar Jamaika cikin 1955, iyayensa suka ƙaura da shi unguwar Bronx a birnin Niyu Yok ta Amurka cikin 1967. Ashe shi ma ɗan ci-rani ne, ya tashi a garin da ba nasa ba, cikin unguwar talakawa.

Ran 11 ga Agusta 1973 ƙanwarsa Cindy ta shirya wasa a zauren taro na benen da suke haya, lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta sami kuɗin sayen tufafin komawa makaranta. Kuɗin shiga senti 25 ga 'yan mata, senti 50 ga samari. Wan nata shi ya sa faifai, da kayan sautin mahaifinsu, waɗanda ya yi ta jagwalgwala wayoyinsu har ya gano yadda za su fi ƙara. Yana da shekara 18, ba shi da jari, ba shi da maigida a sana'ar.

Matsalarsa ta fari ita ce har gobe take kayar da sabon shiga: abin da yake so daban, abin da jama'a ke so daban. Kiɗan ƙasarsu Jamaika bai karɓu wurin yaran Bronx ba a lokacin. Dole ya koma ga su James Brown. Sa'an nan ya zuba ido ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gurbin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna kaɗai, gurbin kuwa 'yan daƙiƙu ne ya wuce. Sai ya riƙa sayen faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora kowanne a kan garmahonsa, in gurbin ya ƙare a wannan ya tayar da shi a wancan. Da wannan dabara ya yi suna.

Mai sa faifai a bikin Hausawa a Kurmi nasa aikin ya ma fi na Herc sarƙaƙiya, domin taron ba iri ɗaya ba ne. Iyaye mata suna jiran Barmani Coge da Shata, dattijo na gefe zai ji daɗi in an ɗan taɓa masa Ɗan Maraya Jos, ƙawayen amarya ba su san zancen ba, su dai a sa musu Hamisu Breaker ko Ado Gwanja. Ga kuma maƙwabta Yarabawa da aka gayyata, waɗanda in ba a jefa musu fuji ko sau ɗaya ba za su tafi suna cewa ba a karrama su ba. Yaron da ya cika kwamfutarsa da abin da shi da abokansa ke ji a ɗaki, zai ga fili ya watse ya bar shi da kujeru. In kuma aka kira salla bai kashe ba, ko ya saki waƙa mai batsa gaban surukai, to, an gama kiransa a wannan unguwa, labari kuwa ba ya kwana a zango.

KAYAN AIKI

Nan ne kuɗi ke nutsewa. Ana bukatar kwamfuta, da akwatin haɗa sauti, da amfilifaya, da lasifikoki, da makirfo, da wayoyi, da janareta. Sababbi sun fi ƙarfin mai farawa, don haka yawanci sai a koma ga na hannu, waɗanda Yarabawa ke kira tokumbo. Akwai tarko a nan wanda ya ci mutane da dama. Wutar Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Kayan da aka shigo da su daga can, in ba masu karɓar wuta iri biyu ba ne, ana jona su kai tsaye sai hayaƙi. A duba rubutun da ke bayan na'ura tun a shago, a kuma sa mai shago ya kunna ta ta yi zafi kafin a biya.

Wani abin kuma, sabon shiga yana zaton ƙara ita ce gwaninta. Zai yi ta murɗawa har jar fitila ta kama a jikin na'ura ta zauna. Jar fitilar nan gargaɗi ce cewa sautin ya wuce ƙarfin amfilifaya ya fara tsagewa, tsagaggen sauti kuwa shi ke ƙona ƙananan lasifikoki masu fitar da siririyar murya. Haka nan jera lasifikoki da yawa a bakin amfilifaya ɗaya yana sa ta ɗauki zafi ta mutu ana tsakiyar biki. Ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce, amfilifaya ce ƙarshen kunnawa, ita ce kuma farkon kashewa.

Kunnen mutum ma kayan aiki ne, shi kuwa ba a sayar da shi a Alaba. Masana sun ce ƙarar da ta kai ma'aunin desibel 85 ba a so a wuce awa 8 cikinta, in ta kai 100 kuwa minti 15 ne. Mai tsayawa tsakanin lasifikoki tun la'asar har tsakar dare, in ya koma gida yana jin kunnensa na ƙugi, ɓarna ce ta fara.

Zancen wuta ba sai an faɗa wa mazaunin Ikko ba. Su Herc da suka fita daga zaure suka koma filayen unguwa, daga jikin fitilun titi suke jan wuta. A nan janareta ce madogara, tun kuma da aka cire tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, mai sa faifan da bai sa kuɗin mai cikin cinikinsa ba, aikin banza ya yi. Ƙaramar janareta mai hawa da sauka tana iya kashe kwamfuta da amfilifaya a dare ɗaya. Ga hukumar kare muhalli ta Jihar Ikko, LASEPA, wadda kan rufe wurare saboda yawan ƙara, balle maƙwabcin da zai fita aiki da asuba.

HANNU DA KUNNE

Ainihin gwanintar ita ce haɗa waƙa da waƙa ba tare da mai rawa ya ji tuntuɓe ba. Kowace waƙa tana da saurinta, ana ƙirga shi da yawan bugu a minti ɗaya. In wadda ke tafiya tana bugu 100, mai shigowa tana 120, aka gwama su haka nan, sai ka ji kamar dawaki biyu na sukuwa a kan kwano. Dole mai sa faifai ya saurari mai shigowa a kunne ɗaya, jama'a ba su ji, ya daidaita saurinta, ya jira kan gaɓa, sa'an nan ya sake ta. Manhajojin yanzu irin su Serato da VirtualDJ suna da maɓallin da ke daidaita saurin da kansa, amma ba su san inda baiti ya ƙare ba, ba su kuma san cewa uwar amarya ta shigo fili ba.

Joseph Saddler, watau Grandmaster Flash, wanda aka haifa a Barbados ya tashi a Bronx, ya karanta aikin lantarki a makarantar sana'a. Da hannunsa ya ƙara wa akwatin haɗa sautinsa hanyar sauraron faifai a ɓoye kafin a sake shi, yana kuma yi wa faifai alama da alli mai maiƙo don ya san inda zai mai da allura. Ya daɗe ƙwarai yana gwaji a ɗaki shi kaɗai. Ranar da ya fara nuna abin a bainar jama'a, kamar yadda shi kansa ya sha ba da labari, mutane tsayawa suka yi suna kallonsa, babu mai rawa, ya koma gida da hawaye. Sai da ya samo masu riƙe makirfo suna zuga taro abin ya kankama.

CINIKI DA MUTUNCI

Mai farawa ba shi da suna, saboda haka ayyukansa na fari na dangi ne da 'yan garinsu, su kuwa da “Allah ya yi albarka” suke biya. Ba laifi a yi biyu ko uku don a san mutum, amma wanda ya saba wa jama'a da kyauta, ranar da ya yanka farashi za a ce ya yi girman kai. Wanda kuma bai karɓi kafin alƙalami ba, ya ɗauko mota ya kwaso kaya, zai iya wayar gari yana bin ango bashi, angon da ya riga ya ƙarar da aljihunsa a lefe. Liƙin da ake gani yana zuba a fili ma sau da yawa na mai riƙe makirfo ne da maroƙa, sai an yi yarjejeniya tun farko.

Kishi tsakanin masu sana'ar tsoho ne. Herc har jiƙa faifansa yake yi a ruwa ya ɓare takardar sunan, bisa shawarar mahaifinsa, don kada abokan gasa su leƙo su gane waƙar. Yau wannan sirri ya mutu, wayar hannu tana gane waƙa cikin daƙiƙu, kowa kuma yana da abin da kowa ke da shi.

Akwai kuma maganar gida. A ƙasar Hausa an daɗe ana lissafa kiɗa cikin roƙo, iyaye da yawa kuwa ba za su bambanta mai kwamfuta da mai kalangu ba. Saurayin da ya je neman aure a garinsu aka tambayi sana'arsa a Ikko, zai ga yadda fuskar waliyyi za ta sauya. Dare ne lokacin aikin, inda dare da taro suka haɗu kuwa ba a rasa 'yan shaye-shaye da 'yan rigima. Shi kansa Herc an soke shi da wuƙa a wurin wasa cikin 1977, daga nan tauraronsa ya fara dusashewa. Cikin 1979 waɗansu dabam suka buga irin wannan kiɗa a faifai suka sayar da shi duniya, arzikin ya bi ta gefensa ya wuce. Da ciwon tsakuwar ƙoda ya kwantar da shi cikin 2011 ba shi da inshorar lafiya, sai da masoya suka yi masa karo-karo. Cikin 2023, shekara 50 bayan wasan ƙanwarsa, aka shigar da sunansa zauren girmama mawaƙa da ke Cleveland a Amurka.