Auduga, Allura da Gaɓa



Duk uwar da ta taɓa kai jaririnta riga-kafi a asibitin Bici, ko a ɗakunan shan magani na ƙauyukan da ke kewaye, ta yiwu ta lura cewa ma'aikaciyar lafiya takan tsira allura a cinyar yaro ba tare da ta shafa sifirit ba, har zuciyarta ta raya mata cewa sakaci ne. Alhali kuwa mas'alar tana da hujjarta.

A shekarar 1969 wani likita a Birtaniya mai suna Dann ya buga bayani a mujallar Lancet, cewa cikin shekara 6 an yi allura sama da 5,000 a wurin aikinsa, ba a goge fatar kowa ba, kuma ko ƙurji ɗaya bai fito ba. Sama da 5,000, jama'a! Dalili kuwa, ƙwayoyin cutar da ke zaune a lafiyayyar fata ba su cika yawan da ɗan tsinin allura zai tura su ciki su yi ɓarna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a littafinta na 2010, ba ta shar'anta sifirit ga allurar riga-kafi ba, sai dai ta ce idan da dauɗa a wanke da ruwa da sabulu. To, a ƙasar noma irin tamu, inda yaro ke wuni cikin turɓaya, wannan sharaɗi shi ne abin riƙo, domin yanayin Birtaniya daban, namu daban.

Illar da ta fi tayar mini da hankali tana wani wurin: hannun da ba a wanke ba, sirinjin da aka maimaita a shagon kemis, audugar da aka jiƙa tun safe aka bari a gwangwani, da allurar da aka tsira can saman kafaɗa har ta kusanci gaɓa. Idan ƙwayar cuta ta shiga gaɓa, mugunya takan taru ta cinye guringuntsi cikin 'yan kwanaki. Abu ne nadiri ƙwarai, amma ba ya jira.

 Ɗan kumburi na kwana biyu a wurin allura ba komai ba ne. Amma idan gaɓa ta kumbura ta yi zafi, ga zazzaɓi, yaro ya ƙi motsa hannu ko taka ƙafa, kada a kai wa mai ɗori ko wanzami, a tafi asibiti a ranar.