Kaki a Shekara 18, Giya Fa?

A Amurka ɗan shekara 18 yana shiga soja, amma bisa dokar 1984 sai ya cika 21 zai sayi giya. Masu gardama suka ce wanda ya isa riƙe bindiga ya isa riƙe kwalba.

Mu ma 18 ce ƙofar soja. Sai dai Jihar Kano ta hana giya ga babba da yaro tun 2004. To, ɗanmu na Kiru ko Doguwa ya tashi ba ya ganinta a fili, ran nan sai ga shi a bariki, albashi a aljihu, kasuwar mami a buɗe, babu uwa, babu dattijon ikilisiya. 'Yan'uwa, bindiga kam wata shida ana koya masa ita a Zariya. Kwalbar fa, wa ya zaunar da shi a kanta?