IDAN BABUR YA ƘI TASHI, ME ZA KA DUBA?

A ƙauyukanmu yau babur ya karɓi aikin jaki da na doki. Shi ke kai buhun masara kasuwa. Shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. To, ranar da ya ƙi tashi, kuma bakanike yana can gari mai nisa, yaya za ka yi? Sau da yawa ciwon ba babba ba ne. Ko dai mai ne ba ya isa inji, ko kuwa batir ne ya yi sanyi. Mai babur zai iya duba waɗannan da hannunsa.

Mu fara da mai. Fetur yana fitowa daga tanki, ya bi ta famfon mai, ya shiga tiyo, ya sauka cikin kafireta. A nan yake haɗuwa da iska, ya shiga inji, fulogi ya ba shi wuta. Ko'ina hanyar nan ta toshe, babur zai tsaya.

Da farko buɗe tanki ka leƙa. Kada ka yi dariya. Mutane da yawa sun tura babur cikin rana, ashe mai ne ya ƙare. Amma kada ka haska ciki da ashana. Sa'an nan ka dubi famfon mai. Akwai rubutu uku a jikinsa. ON shi ne a buɗe. OFF shi ne a rufe. RES shi ne ɗan man ajiya da ke ƙasan tanki, wanda masu babur ke kira rizab. In mai ya yi ƙasa, juya shi zuwa RES, zai kai ka inda za ka sayi wani. In ka sha mai, ka mai da shi ON. Wanda ya bar shi a RES kullum, ran da mai ya ƙare ba shi da sauran ajiya.

Ga wata matsala da ke rikita mutane ƙwarai. Babur ya tashi lafiya, ya yi tafiya kaɗan, sai ya fara shiƙa, ya mutu. Ka huta, ya sake tashi, ya sake mutuwa. A murfin tanki akwai wata 'yar ƙaramar kafa da iska ke shiga. In ƙura ta toshe ta, mai ba zai sauka ba. Kamar buta ce da aka toshe mata baki, ruwa ba ya zuba sosai. Da babur ya mutu, buɗe murfin. In ka ji ya ja iska, kuma babur ya tashi nan da nan, to ka kama ɓarawon. Share kafar da allura.

In ba murfi ba ne, rufe famfo, ka zare tiyo daga jikin kafireta. Sa bakin tiyon cikin kwalba mai haske, ka buɗe famfo. Mai ya kamata ya zubo da ƙarfi. In ɗiga yake yi, akwai datti ko tsatsa a matacin mai. Kada ka zuƙi tiyo da baki. Fetur in ya shiga huhu yana iya kisa.

Yanzu ɗaga kwalbar ka duba. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka yakan kwanta a ƙasa, ka gan shi a ware. Da damina ruwa kan shiga ta murfi marar kyau. Wani lokaci kuma tare da man aka sayo shi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur ya yi tsada, kuma wasu marasa tsoron Allah suna gauraya shi da kalanzir ko wani abu dabam. Ba duka 'yan bumburutu ke haka ba, da yawansu mutanen kirki ne. Amma ka riƙe mutum ɗaya da ka yarda da shi, ka kuma sa a tace man da ƙyalle mai tsabta lokacin zubawa. A ƙasan kafireta akwai ƙaramin noti. Sassauta shi, ruwa da datti su zube, sa'an nan ka ɗaure.

Fulogi ma yana ba da labari. Kwance shi ka dubi bakinsa. In launin ƙasa-ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa, iska ta yi kaɗan. Da hunturu ƙura kan cika matacin iska, sai babur ya riƙa shan mai kamar ba gobe. A wanke shi ko a sake sabo. Haka ma wanda ya ja cok da sanyin safiya ya manta bai mayar ba. In fulogi ya yi fari fat, mai bai isa ba, inji yana zafi fiye da kima. Wannan kam a kai wa bakanike. Shawarata, kada ka taɓa notocin saitin kafireta in ba ka koya ba. Ɓata su minti ɗaya ne, gyara su wuni guda.

Sai batir. Yawancin baburan yanzu, irin su Bajaj da Jincheng, batirinsu mai bolt 12 ne. Alamar ya yi sanyi ita ce oda ta shaƙe, sigina ta ƙi ƙiftawa, sitata ta yi ƙas-ƙas kawai. Babura da yawa za su tashi da kik ko da batir ya yi sanyi. Kada ka danne sitata fiye da daƙiƙa 5. Saki, ka jira kaɗan, ka sake.

Kafin ka ce batir ya mutu, dubi kawunansa biyu. Hanyoyinmu masu gargada suna kwance noti. Wani farin gari kamar gishiri kuma kan taru a kai, ya hana wuta wucewa. Kashe babur. Fara cire baƙar waya mai alamar ragi (−), sa'an nan jar waya mai alamar ƙari (+). Wanke kawunan da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ruwan ya shiga cikin batir. Goge su bushe. Wajen mayarwa, ja za ka fara ɗaurawa, baƙa daga baya. Shafa ɗan giris a kai. Dubi fis kuma. In ya ƙone, sayi irinsa. Masu ɗaura waya a madadinsa suna neman gobara ne.

Batir iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda ba a ƙara masa komai, kuma ba a buɗe shi. Akwai mai murafu, wanda ke da layi biyu a jiki, UPPER a sama, LOWER a ƙasa. Ruwan ya tsaya tsakaninsu. Zafin bazara yana ƙafar da shi, don haka a duba kowane wata. Tataccen ruwan batir da ake sayarwa a shagon kayan gyara kaɗai za a ƙara. Ban da ruwan rijiya, ban da ƙarin asid. In ruwan cikin batir ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti. Kada a sha taba kusa da batir da ake caji, iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Cajin waya a jikin babur alhali inji yana kashe yana cinye batir. In za ka ajiye babur wata guda ko fiye, rufe famfo, ka zubar da man kafireta, ka cire baƙar waya.

Tsohon batir kuwa akwai dalma a cikinsa. Dalma guba ce, ita ce ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Kada a fasa batir a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi. Mai da shi wurin mai sayar da batir lokacin da za ka sayi sabo.