Sitta Shawwal a Ƙasar Noma

Idan aka sauko daga Idi a Funtuwa da Malumfashi da ƙauyukan da ke kewaye da su, aka ci tuwon salla, malamai suka rufe tafsiri, masu tashin jama'a sahur suka rataye gangunansu, gari ya koma cin abincin rana, akwai bayin Allah da kan farka su kaɗai kafin ketowar alfijir, su ɗaura niyyar azumin da shari'a ba ta wajabta musu ba, watau Sitta Shawwal.

Asalinsa hadisi ne wanda Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Ayyuba Al'ansari, Allah ya yarda da shi, mai nuni da cewa wanda ya bi Ramadan da kwana 6 na Shawwal tamkar ya azumci shekara ne. Malamai kuwa suka warware lissafin, cewa tun da ana ninka kowane kyakkyawan aiki sau 10, kwana 30 sun tashi 300, shidan nan kuma 60. A ganina falalarsa ta zarce lissafi, domin a Ramadan kunyar mutane kaɗai ta isa ta hana mutum kai loma baka, amma a Shawwal, da kowa ke ci yana sha a gabansa, ba abin da ke riƙe shi sai ikhlasi.

Ga manomi kuwa al'amarin yana da nauyi, saboda shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, Shawwal na zagaya yanayi duka. A 2015 ya faɗo a tsakiyar damina, sa'ad da masara da dawa da auduga ke neman maimai. A 2025 ya zo a bazara, ana sharar gona ana kai taki cikin tsananin rana.

A nan ne fiƙihun mazhabarmu ke da amfani. Imamu Malik, a cikin Muwaɗɗa, ya karhanta wannan azumi don gudun kada jahilai su riskar da shi ga farilla, amma masu sharhin Mukhtasar na Shehu Halil suka bayyana cewa karhancin ya shafi wanda ake koyi da shi ne, idan ya haɗa shi da salla, ya jera shi, ya bayyana shi, yana ƙudurta cewa haɗawar sunna ce. Saboda haka manomin Bakori ko Ƙafur yana da yalwa ya rarraba kwanakinsa cikin wata, ya zaɓi Litinin da Alhamis ko ranakun da ba ya fita gona, muddin ya kwana da niyya, ya kuma san cewa a wurin Malikiyya wanda ya karya nafila da gangan sai ya rama. Mata kuwa, da duk wanda rashin lafiya ko tafiya ta sa ya sha azumi, an fi so su fara gabatar da ramuwa kafin su shiga shidan.