Wasannin Koyo a Tabulet: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani Kafin Su Miƙa wa Yaro

 

'Yan uwa, cikin tambayoyin da iyaye ke yawan kawowa a 'yan shekarun nan akwai ta wasannin da ake saukarwa a kwamfutar hannu, wadda ake kira tabulet, ko a wayar salula, ana cewa suna koya wa ƙananan yara baƙaƙe da ƙirga. Wasu sun rungume su ido rufe, wasu kuma sun hana su baki ɗaya. Mun ga ya dace mu bayyana yadda suke aiki da abin da bincike ya gano, domin uba da uwa su yanke hukunci a kan sani.

Tsarin wasan mai sauƙi ne. Harafi ko lamba za ta fito a fuskar na'urar, murya ta faɗi sunanta, sai a nemi yaro ya taɓa ta ko ya bi zanenta da yatsa. In ya dace a ba shi tauraro ko a yi masa tafi, in ya kuskure a sake kawo masa. Amfaninsa shi ne na'ura ba ta gajiya da maimaitawa, kuma tana bin saurin kowane yaro, abin da ke da wuya ga malami ɗaya a aji mai cike da yara.

An gwada wannan a Afirka. A yankin Tanga na ƙasar Tanzaniya, gidauniyar XPRIZE ta raba tabulet ga yara kimanin 2,700 masu shekara 7 zuwa 11, aka bar su da su har wata 15, ana cajin su da hasken rana. Da farko mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya. Da aka kammala a 2019, da yawa sun fara karanta kalmomi, wasu har da jimloli. Sai dai mu lura: wasannin an gina su ne da harshen Suwahili, ƙwararru suka tsara su mataki-mataki, kuma yaran sun kai shekarun shiga makaranta.

A ƙasar Peru kuwa, gwamnati ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙaruwa ba a sakamakon lissafi da na karatu. Ke nan mallakar na'ura kaɗai ba ta sa yaro ya iya. Abin da aka zuba a cikinta da yadda ake amfani da ita su ne abin dubawa.

Ga jarirai kuma lamarin ya bambanta. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta sa aka riƙa yi wa jarirai 'yan wata tara magana da Sinanci, zama 12. Waɗanda mutum ya zauna gabansu sun koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa magana irin wannan a bidiyo ba su nuna sun koyi komai ba. Ƙaramin yaro daga fuskar mutum yake koyo, daga kallon ido da amsa masa in ya yi gwaranci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban na'ura, sannan daga shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Ta kuma ce mai shekara 3 zuwa 4 yana bukatar motsa jiki na minti 180 da barcin awa 10 zuwa 13.

Sai batun wasannin da ake cewa kyauta ne. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Da yawa daga cikinsu suna samun kuɗinsu ne ta hanyar talla, ko sayar da wani abu a tsakiyar wasa, ko tattara bayanan mai amfani da su, shi ya sa ake tsara su yadda yaro ba zai so ya ajiye ba. A 2014 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sa kamfanin Apple ya yarda zai mayar wa iyaye aƙalla dala miliyan 32.5, Google kuma dala miliyan 19, saboda sayayyar da yara suka yi ba da izinin iyayensu ba. Rubuta "na ilimi" a jikin wasa ba shaida ba ce, mai haja ne ya yabi hajarsa. Kuma talla ba ta tantance abin da ya dace da tarbiyyar gidanmu.

A wurinmu akwai ƙarin matsalar harshe. Yawancin wasannin da Turanci ko Faransanci suke, alhali yaron Maraɗi ko Garwa ko zangon Kumasi da Hausa ko Fulatanci ko wani harshen gida yake tunani. Sai ka ji yana rera sunayen haruffa kamar waƙa, iyaye suna murna, amma in ka nuna masa harafin a takarda bai gane shi ba.

Haka nan wasannin da ke koyar da baƙaƙen Larabci da gajerun surori. Suna taimakawa wajen maimaici da sabo da sautin karatu mai kyau. Amma mu da muka tashi da allo da tawada mun san cewa biyawa a gaban malami ita ce karatun, domin shi ke jin inda harshen yaro ya karkace ya gyara masa mafitar harafi nan take. Alƙur'ani daga baki zuwa baki aka karɓo shi, don haka na'ura mataimakiya ce kawai, kada a janye yaro daga makarantar allo ko Islamiyya saboda ita.

To, me za mu yi? Kafin ka miƙa wa yaro wasa, ka fara buga shi da kanka na ɗan lokaci. Ka duba ko yana sa yaro tunani ko taɓe-taɓe kawai yake yi, ko talla na katse shi, ko yana aiki ba tare da intanet ba. In yana aiki, ka kashe data, ka kuma toshe hanyar saye da lambar sirri. Ke kuma uwa, ki zauna kusa da shi ki riƙa tambayarsa da harshen gida, in an gama ki sa ya ƙirga cokula ko ya rubuta harafin a ƙasa. In ya iya a can, wasan ya yi amfani. A sanya lokaci sananne, a ɗauke na'urar lokacin cin abinci da sallah da gab da barci. Mu ma manya mu rage riƙon waya a gabansu, domin abin da suka gani a hannunmu shi za su nema.

'Ya'ya amana ce da za a tambaye mu a kanta, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Amin.