Karfasa mai jan ciki

Karfasa mai jan ciki, wadda masana ke kira Coptodon zillii, wani nau'in ƙaramin kifi ne da ke rayuwa a koguna da tafkuna da fadamun Afirka. Tana cikin kifayen da masunta suka saba kamawa a arewacin Najeriya, har da kudancin jihar Jigawa, inda ruwayen Birnin Kudu da Gwaram suke. Hausawa na kiran kifaye da dama masu kama da juna da sunan karfasa ko gargaza. Abin da ya fi bambanta wannan da sauran shi ne yadda take haihuwa: tana yin gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, kuma uwa da uba ne ke gadin ƙwai tare.

Suna da dangi

Wani masani Bafaranshe mai suna Paul Gervais ne ya fara bayyana kifin a rubuce a shekarar 1848, daga samfurin da aka samo a ƙasar Aljeriya. An daɗe ana kiranta Tilapia zillii, sai a shekarar 2013 aka mayar da ita rukunin Coptodon bayan binciken ƙwayoyin halitta. Tana cikin dangin Cichlidae.

Kifayen wannan dangi suna da haƙora iri biyu, na baki da na maƙogwaro. Saboda waɗannan haƙora na maƙogwaro, a da masana sun haɗa su rukuni ɗaya da dangin Labridae, wato wasu kifaye masu launi da ke zaune a gaɓar teku. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa dangantakarsu ba ta kusa ba ce, kowane dangi ya samu wannan siffa ne ta hanyarsa.

Siffa

Jikinta faffaɗa ne, mai ɓawo. Tsawonta na iya kaiwa santimita 40, amma yawancin waɗanda ake kamawa ba su kai santimita 30 ba. Bayanta kore ne mai duhu, da ratsi baƙaƙe shida ko bakwai daga sama zuwa ƙasa. Ƙegen bayanta na da ƙayoyi 13 zuwa 16, na ƙasa kuma ƙaya uku. Akwai baƙin ɗigo a ƙarshen ƙegen bayan, wanda ya fi fitowa a jikin ƙanana. Idan lokacin haihuwa ya yi, maƙogwaro da cikinta sukan yi ja, daga nan ta samo sunanta.

Mazauni

Ana samun ta daga Maroko zuwa Masar, da kogunan Senegal, Neja, Binuwai, Bolta da Nilu, da yankin Tafkin Chadi, har zuwa kogin Urdun. Ruwayen Birnin Kudu da Gwaram suna cikin yankin Tafkin Chadi ne. Kogin Bunga, wanda ya taso daga tuddan Jos, yana ratsa ƙasar Gwaram. Shi ne ake kira kogin Jama'are a gaba, kuma yana haɗuwa da kogin Haɗeja su zama kogin Yobe.

Waɗannan koguna na damina ne. Suna cika har su malala cikin fadamu a watannin Agusta da Satumba, da rani kuwa su janye su bar gurabe da yashi. Karfasa mai jan ciki ta dace da irin wannan rayuwa, domin ta fi son bakin ruwa mai ciyawa, kuma ta fi walwala idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 20 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos. Tana kuma jure gishiri fiye da yawancin danginta, shi ya sa take rayuwa a Tafkin Ƙarun na Masar mai ruwan gishiri.

Abinci

Babbar karfasa ta fi cin tsirrai: ganye da karan ciyawar ruwa, gansakuka, da ganyen da ya faɗo daga tudu. Tana yanko ganye da haƙoran baki, ta niƙa shi da na maƙogwaro. Ƙanana kuwa sun fi cin ƙananan halittun ruwa da tsutsar ƙwari, sai sun girma su koma ciyawa. Ita ma abinci ce ga tsage da giwan ruwa da tarwaɗa, da tsuntsaye irin su zalɓe.

Haihuwa

Namiji da mace sukan haɗu su zaɓi wuri a ruwa marar zurfi, mai yashi ko tsakuwa ko laka. Sukan share wurin su tona ƙananan ramuka, su kori duk kifin da ya matso. Macen na saka ƙwai daga 1,000 zuwa 6,000 a lokaci ɗaya. Ƙwan kore ne mai danƙo, yana manne wa dutse ko ƙasan gurbin, sannan namijin ya bi ya zuba musu maniyyi.

Daga nan iyayen biyu ba sa barin wurin. Suna yi wa ƙwan fifita da ƙegensu don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, suna tsince waɗanda suka lalace. Cikin kwana biyu zuwa huɗu ƙwan ke ƙyanƙyashewa. Iyayen na ɗaukar 'ya'yan da baki su mayar da su wani rami, su ci gaba da tsaronsu har su iya iyo cikin garke. Idan ruwa na da ɗumi, ma'aurata kan sake haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara.

Wannan ya sha bamban da karfasar Nilu, Oreochromis niloticus, wadda macenta ke riƙe ƙwai a cikin baki. Ita tana iya gudu da 'ya'yanta idan haɗari ya zo. Mai jan ciki kuwa ƙwanta na manne wuri guda, idan an kama iyayen ko ruwan ya janye, duk abin da ke gurbin ya salwanta.

Amfani

Masunta na kama ta da birgi da kalli da taru da mali. Ana sayar da ita ɗanya, ko a soya, ko a yi banda. Saboda arharta, tana cikin kifin da talaka ke iya sawa a miya. Masu kiwon kifi sun fi son karfasar Nilu, domin mai jan ciki ba ta saurin girma, kuma tana cika kududdufi da ƙananan 'ya'ya.

An kai ta wasu ƙasashe saboda cin ciyawarta. A jihar Kalifoniya ta Amurka an zuba ta a magudanan noman rani don ta rage ciyawar da ke toshe su. An kuma saka ta a Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, inda ta yi gogayya da karfasar asalin tafkin a wuraren renon 'ya'ya.

Barazana da kariya

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin nau'o'in da ba sa fuskantar haɗarin ƙarewa. Duk da haka yawanta na iya raguwa a kogi ɗaya ko tafki ɗaya. Jan taru a bakin ruwa lokacin haihuwa yana rusa gurabe, raga mai ƙananan idanu da gidan sauro kuma suna kwashe 'ya'yan tun ba su kai haihuwa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta su da guba ko nakiya a Najeriya.

Rage ambaliya ma na shafar ta. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da ke malala a dausayin Haɗeja da Nguru ya ragu. Yanzu kaso mai yawa na ambaliyar dausayin daga kogin Jama'are yake zuwa, shi ya sa aka daɗe ana muhawara kan shirin gina madatsar Kafin Zaki a kansa, a jihar Bauchi. Ambaliyar nan ce ke buɗe fadamun da ƙananan karfasa ke samun abinci da mafaka kafin ruwa ya koma cikin kogi.