Kafin Mu Haɗa Kuɗin Khul'i: Tambayar Da 'Yan Mubi Mazauna Kudu Ba Mu Cika Yi Ba

Akwai wani irin saƙon neman taimako da ya zama ruwan dare a tsakaninmu 'yan Mubi mazauna Kudu. Za ka ga an turo a WhatsApp: wata 'yar uwarmu ce a Sabon Layi, mijinta ya shekara biyu a Legas ko Fatakwal, ba aike ba waya, ta nemi ya sauwaƙe mata, ya ce sai an biya shi kuɗinsa, a taimaka fi sabilillahi. Sai lambar asusun banki a ƙasa. Kafin la'asar an fara turo dubu biyu, dubu biyar, wani mai hali ya sa hamsin. Ba na zargin niyyar kowa, ni ma ina sa nawa. Amma na daɗe ina lura cewa ba kasafai ake tsayawa a yi tambaya ɗaya ba: a shari'ance, tsakanin mijin nan da matar nan, wa ke bin wani bashi?

Dalilin da ya sa matsalar ta yi mana yawa ba ɓoyayye ba ne. Kasuwar shanun Mubi na cikin manya a Najeriya, daga can tireloli ke tasowa zuwa mayankar Oko-Oba a Agege, da Lokpanta a jihar Abiya, da Fatakwal. Matasa na biyo shanu, wasu su koma, wasu su zauna su kama gadi ko acaɓa ko tireda. Sannan ga abin da ya faru a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram suka kame garin, jama'a suka watse zuwa Yola da Kamaru da Kudu. An ƙwato garin cikin Nuwamba, amma ba kowane gida ne ya sake haɗuwa ba. To aure da yawa a yau miji na nan, mata na can.

A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita daga littattafai irin su Risala da Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam, ba ta ƙofa ɗaya aure ke mutuwa ba. Akwai saki, wanda ke hannun miji, kuma ba ya karɓar ko sisi a kansa. Akwai khul'i, wato mace ta fanshi kanta, galibi da mayar da sadaki, idan ita ce ba ta son zaman alhali mijin bai gaza mata da komai ba. Sai ta uku, wadda mutanenmu suka fi mantawa da ita: alƙali ya raba auren da kansa saboda cutarwa, ko rashin ciyarwa, ko doguwar ƙaura. A wannan ta ukun mace ba ta biyan komai.

Ku sake duba saƙon da na kawo a sama. Mutum ya bar mace shekara biyu ba ci ba sha. Wannan ai ba maganar khul'i ba ce tun farko. Idan ta je gaban alƙali ta tabbatar da auren, ta kawo shaidu cewa ba ya nan kuma bai bar mata abin ci ba, ta yi rantsuwa, alƙali zai nemi mijin ya ba shi wa'adi. Wa'adi ya cika bai zo ba bai aiko ba, alƙali na da ikon sakinta a madadinsa, domin Malikiyya ta yarda a yi hukunci a kan wanda ba ya nan idan an bi ƙa'ida. Abin lura kawai, sakin rashin ciyarwa na kome ne: in ya samu hali kafin idda ta cika, yana iya mayar da ita. Na cutarwa kuwa, kamar duka da zagi da ƙaurace wa shimfiɗa, ba kome a cikinsa sai da sabon aure. Kuma ba dole sai wanda ya gani da ido zai yi shaida ba, malaman mazhabar sun karɓi shaidar ji, wato abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta da dangi.

Akwai ma hukuncin da na so a ce kowane mai tara gidauniya ya haddace shi. Idan mace ta biya kuɗin khul'i, daga baya ta tabbatar cewa cutar da ita aka yi har ta gaji ta biya, to sakin ya tabbata, kuɗin kuma sai miji ya dawo mata da su. Kun ga ke nan shari'a ba ta yarda mutum ya ƙuntata wa mace don ya sayar mata da takardarta ba. Mu kuwa sai mu haɗa masa kuɗin cikin kwana uku, har da addu'a. Wallahi wani lokaci ladan ganin ido muke ba azzalumi, kuma na gaba yana kallo yana koyon darasi.

Ko a inda khul'in ne na gaskiya, a lura da lissafin da ake kawowa. A ce sadaki naira dubu 100 ne, sai ka ga an rubuto dubu 700: kuɗin gaisuwa, lefe, abincin biki, kuɗin mota daga Legas, har da katin waya na zamanin zance. Miji na iya neman abin da ya ga dama, amma idan an kasa daidaitawa, gaban alƙali ake zuwa, shi ne zai duba ko ya naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginta ɗaya daga danginsa, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Bai kamata gidauniya ta ɗauki lissafin ɓangare ɗaya a matsayin hukunci ba.

Sannan a juya takardar a duba abin da ita take bin sa. Ciyarwar da ya bari alhali yana da hali bashi ce a kansa. Wadda aka yi wa sakin kome tana da ci da wurin kwana har idda ta ƙare, tsarki uku ga mai haila. Mai ciki tana da ciyarwa har ta haihu, ko wane irin saki ne. Riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, sai in wani dalili ya kawar da haƙƙin, misali uwar ta auri wanda ba muharramin yaran ba, nan ma kakar wajen uwa ce ke gaba. Ci da sutura da maganin yaran kuwa na uba ne. Duk lokacin da muka kafa asusun "taimakon bazawara da 'ya'yanta huɗu" alhali ubansu na nan Agege yana cinikinsa, nauyinsa muka ɗauka. A taimaka mata, ƙwarai kuwa, yunwa ba ta jiran kotu. Amma a cikin kuɗin a ware na bin haƙƙin.

To wace kotu? A nan ne zaman Kudu ya bambanta da gida. Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa shari'a zuwa laifuka daga 1999, amma aure da saki da gado na Musulmi tun da can a kotunan yanki ake yin su bisa fiƙihu, kuma ana ɗaukaka ƙara har Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Yola. Sashe na 275 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowace jiha da ke buƙata damar kafa irin wannan kotu, sashe na 277 ya lissafa huruminta. Kwara da Kogi suna da ita. Legas da Oyo da Ribas da Abiya da sauran jihohin Kudu ba su da ita.

Abin da ke akwai a Kudu shi ne kotunan gargajiya, irin ta Mapo a Ibadan ko ta Igando a Legas, waɗanda kullum jaridu ke kawo labarin auren da suka raba. Suna raba auren Musulmi ma, kuma takardarsu ta hukuma ce, sai dai da dokar al'ada suke aiki, ba da Mukhtasar ba, shi ya sa da yawa kan koma wajen malami su tambayi matsayin idda. Akwai kuma kwamitocin shari'a masu zaman kansu da Musulmin Yarabawa suka kafa a Ibadan da Legas tun 2002, waɗanda a farkon 2025 aka yi ta cece-kuce kan buɗe irinsu a garin Oyo da Ado-Ekiti. Su da fadar Sarkin Hausawa matsayinsu ɗaya a idon doka: sulhu ne, sai wanda ya yarda ya zo. Ba sa iya tilasta wa mai taurin kai. Amma kada a raina fada. Mutumin da ke kasuwanci a Sabo ko Shasha ya fi jin kunyar kiran sarki da shugaban kasuwarsa fiye da takarda daga Mubi, kuma sau da yawa nan ake samun takardar saki da alƙawarin ciyarwa a rubuce ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ga macen da ke Sabon Layi, abin da ya fi sauƙi ta fara da kotun da ke kusa da ita. Wahalar ita ce isar da sammaci wata jiha, wanda ke da ƙa'idarsa kuma yana cin kuɗi. Mu ne muka san layin da mutumin yake da rumfar da yake zama. Adireshi sahihi daga gare mu ya fi dubu hamsin amfani. Wadda mijinta ya ɓace ɗungurum tun lokacin rikici kuwa, hukuncinta daban ne: in ya bar abin ciyarwa, asalin ƙa'idar Malikiyya shekara huɗu ce bayan an kai maganar gaban alƙali an yi cigiya ba a dace ba, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dokar shaida ta 2011 kuma shekara bakwai ta sa kafin a ɗauka mutum ya rasu. Liman ko dangi ba sa yanke wannan a zaure.

Wani tarkon da ke kama 'yan uwanmu a nan shi ne auren rajista. Wani don neman biza, wani don iyayen matar da ya samu a nan sun ce sai an je Ikoyi ko ofishin ƙaramar hukuma an sa hannu. Wannan aure na mace ɗaya ne. Dokar 1970 ta ce Babbar Kotu kaɗai ke raba shi, kuma ba a shigar da ƙara kafin ya shekara biyu sai da izinin kotu. Saki uku da baki bai kashe shi a idon gwamnati ba. Wanda ke da mata a Mubi ya zo ya yi rajista da wata, rajistar ba ta da inganci, kuma dokar aure ta tanadi ɗaurin shekara biyar, haka ma wanda ya yi rajista sannan ya ƙara aure a kanta. Har rabon gado abin na iya shafa. Saboda haka tambaya ta farko ga duk mai neman taimakon shari'a: an taɓa sa hannu a rajista?

Game da kuɗin kansu, in zakka ce za a bayar, a tuna tana da gidaje takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Matar na iya shiga a matsayin matalauciya ko mai bashi, amma malami za a tambaya, tare da batun ɗaukar zakka daga garin da aka fitar da ita zuwa nesa, wanda Malikiyya ba ta so sai in na can sun fi buƙata. Sadaka ba ta da wannan ƙaidin.

Asusun mutum ɗaya kuma shi ne mafarin yawancin rigimarmu. Ƙungiyar da ke tara kuɗi a kai a kai gara ta yi rajistar amintattu da hukumar CAC ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ta buɗe asusu da sunanta, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu. Gidauniyar lokaci ɗaya ma tana iya faɗin adadin da ake nema, ta rufe in ya cika, ta nuna rasit. Ƙirƙirar labari don karɓar kuɗin jama'a zamba ce, dokar 2006 ta sa mata ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Sannan don Allah a daina yaɗa hoton mace da sunanta da sirrin ɗakinta. Mutum biyu amintattu, ɗaya a Mubi ɗaya a nan, su tabbatar da labarin, ya isa. Gobe za ta so yin wani auren a unguwar nan.

Kuɗin khul'i kuma kada a tura wa miji ta waya a ce an gama. A miƙa su gaban alƙali ko gaban shaidu biyu, a karɓi takarda mai kwanan wata, domin daga ranar idda ke farawa, kuma da ita za ta kare kanta in ya dawo bayan shekara yana cewa matarsa ce. Wadda ba ta da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, dukkansu suna da rassa a jihohi. A kotun yanki ma ba dole sai da lauya ba, mace na iya tsayawa da kanta ko da waliyyinta, ta tafi da shaidunta biyu da duk wani saƙon waya da mijin ya taɓa turo mata.